Wai Iska Ce

Shekarar da maigidana ya karye a cinya, ina aikin buga takardu a wata makarantar sakandare a Maiyama, shi kuma yana jan motar haya daga tashar Jega. Jihar Kebbi ba ta daɗe da samun kanta ba a lokacin, wayar hannu kuwa ba ta iso wajenmu ba. In kana da saƙo direba za ka ba, sannan ka yi addu'a kada ya zubar da rabinsa a hanya.

Motar ta ƙwace masa ne a wata kwana kafin a kai mararrabar Sarandosa, ta yi cikin gona ta kwanta da gefe. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu, shi kaɗai ƙarfe ya danne wa ƙafa. Duk wanda ya karye a ƙasarmu Aliero ake nufa da shi, don haka can muka kai shi gidan wani mai ɗori, aka ba mu ɗaki a jerin ɗakunan majinyata. Aka ja ƙafar, aka jera mata karare aka ɗaure, aka ce ya kwanta kada ya motsa sai an ce. Na ɗauki hutu na tare a can, ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna.

Ƙashi ya kama hanyar haɗewa, amma mai ƙashin ya ƙi. Mutumin da in ya shigo gida sai maƙwabta sun san ya dawo saboda surutu da tsokana, shi ne yake wuni yana kallon rufin ɗaki. Abinci sai Inna ta yi ta lallashi. Maganar haɗarin bai taɓa yin ta ba, in abokansa na tasha suka zo dubiya suka taɓo ta sai ya juya fuska bango. Makullin motar na rataye a ƙusa saman kansa, inda wani abokinsa ya saƙala shi ranar da aka jawo motar zuwa gareji, bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba.

A nan ne yayansa ya shigo da shawara. Yaya mutumin kirki ne, ɗan kasuwar hatsi a Jega, sai dai a ganinsa duk wanda ba ya zaune kan buhu ɓata lokacinsa yake yi. Ya ce tunda makanikai sun miƙe motar, a sayar da ita, ƙaninsa ya dawo rumfa ya taya shi awo. Inna ta ji daɗin maganar, kuma ban ga laifinta ba, uwa ce. Ni kuwa gabana faɗuwa ya yi. Na san mijin da na aura. Hanya ce ke riƙe da shi, in aka zaunar da shi a rumfa da mudu a hannu, wannan mai kallon rufin ɗakin shi zan zauna da shi har ƙarshen rayuwata. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne bai ce a'a ba, bai ce i ba, sai ya ce duk yadda aka yi daidai ne.

Akwai wani malamin lissafi a makarantarmu, Kirista ne daga can kudu, mai son harhaɗa tarkacen na'ura. Yana da kwamfuta da ya haɗa da hannunsa, kuma shi ya koya min buga takarda a kanta. Da na je neman ƙarin hutu ya tambaye ni jikin maigida, na gaya masa gaskiya. Sai ya ɗauko kwamfutar dungurungum, da gilashinta da akwatinta da faifan maɓallanta, ya ce in kai masa, akwai wasan tseren motoci a ciki. Ya ce jarrabawa ta zo, ba zai taɓa ta ba sai an gama. Na rungume akwatin a cinyata tun daga Maiyama har Aliero, duk ramin da muka faɗa sai na ji kamar hanjina ne ya girgiza.

Da farko ko kallonta bai yi ba. Ni na zauna na yi ta buga motar da itatuwa da gangan da kuma ba da gangan ba, har haushi ya kama shi, ya ce wannan ba tuƙi ba ne, cin mutuncin mota ne, in miƙo masa. Aka ɗora masa maɓallan a kan tire bisa ƙirjinsa. Kafin la'asar ya fara zagin sauran motocin, yana kiransu da laƙabin abokansa na tasha. A ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari. Na fita bayan ɗaki na yi kukana na share fuska na dawo.

Inna ba ta yarda da abin ba, amma ta ga ɗanta ya ci abinci, sai ta karɓe shi a matsayin baƙo mai daraja. Ta tura akwatin can lungu ta manna shi da bango don kada yaran majinyata su taɓa, ta ɗauko wani zanenta mai kauri ta lulluɓe shi, yadda take lulluɓe kwanukanta na ado. Ni ma na ga ya yi kyau.

Ba a daɗe ba abin ya fara. A wasan akwai doguwar hanya miƙaƙƙiya, daga nan sai wata kwana mai kaifi a gindin dutse, bayanta kuma inda ake ƙare tsere, wanda shi yake kira tasha. Yana dosar kwanar nan sai gilashi ya yi baƙi ƙirin, akwatin ya yi ɗan ƙara, farin rubutu ya fara zubowa, kwamfuta ta koma farko kamar ba a taɓa yin komai ba. Ya yi dariya ya sake. Ta sake ɗaukewa, wannan karon ma kafin ya kai kwanar. Kashegari haka, jibi haka. Dariyar ta riƙa raguwa har ta ƙare. Wata rana da ta ɗauke ya daɗe yana kallon baƙin gilashin, sannan ya ce, a hankali, ko na'ura ta san ba ya iya wuce kwana.

Ranar da Yaya ya dawo da maganar ya samu mai saye, sai na ji maigidana ya yi magana da wata murya da ban so ba, rabi wasa rabi gaske.

"Yaya, ka ba ni zuwa Juma'a. In na kai motar ga ta cikin gilashi tasha, a bar min tawa. In ban kai ba, ka taho da mai sayen, ga makulli nan."

Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda. Ni ban yi dariya ba, don na san in ya furta magana gaban yayansa ba ya janye ta. Rayuwar gidana ta koma hannun wani akwatin ƙarfe da ke suma duk lokacin da ya ga dama.

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa ya shaida, amma a makon nan na yi wa kwamfutar nan biyayyar da ban taɓa yi wa mutum ba. Na fara zargin wuta, don wutar Aliero a lokacin wani sa'in ko ƙwan fitila da ƙyar take jan shi. Na je na roƙi wani mai kemis aron na'urar daidaita wuta, na jona, ta ɗauke. Na canza soket, na ja waya daga ɗakin maƙwabtanmu, ta ɗauke. Na cire kowace waya a bayanta na hure na mayar na danna da ƙarfi. Malamin ya haɗo ni da wani ɗan faifai na korar cutar kwamfuta, na saka, ya yi ta bincike ya ce lafiyarta ƙalau. Sai na ce bari in gwada ta da aikina. Na wuni ina buga duk abin da ya zo bakina, har da sunayen kayan miya, ko gezau ba ta yi ba. Wasan karta ma da ke ciki na yi, ba ta ɗauke ba. Sai tseren kaɗai, kuma sai an doshi kwanar. Duk wannan gwajin a gabansa na yi, kuma da na sani ban yi ba, don kowanne ƙara tabbatar masa yake yi cewa shi abin yake nufi. Ya koma barin rabin tuwonsa.

Da dabara ta ƙare min, na tare abokinsa direba, wanda ya rataye makullin, na ce in ya bi ta Maiyama ya tsaya makaranta ya gaya wa malamin lissafi komai. Na maimaita masa saƙon har ya ce in ƙyale shi ba yaro ba ne. Kashegari da yamma ya tsaya bakin ƙofa, injin motarsa na kunne a waje, fasinja na yi masa tsiya.

"Na gan shi ta taga, shina tsaron masu jarrabawa, ba shi iya hitowa. Na hwaɗa mai dut abin da kic ce. Yac ce in hwaɗa miki iska ta. Har da maimaitawa, iska, iska."

Ya juya ya tafi. Hausar malamin nan ta cefane ce, iyakar abin da ya iya haɗawa ke nan ta taga, kuma iyakar abin da ya iso gare mu ke nan.

Inna ta ajiye ludayin da ke hannunta ta yi salati. Ta ce ai ta sani, tun ranar da aka shigo da abin nan ta san ba shi kaɗai ya zo ba. A wajenta iska ɗaya ce, wadda ba a gani, mai zama a kuka da mararraba, kuma ta gama yanke hukunci cewa ta kwanar Sarandosa ce ta biyo ɗanta har cikin gilashi. Tunda mai abin da kansa ya faɗa, wa zai yi musu? Ta aika aka sayo tazargade, ta zuba a kaskon garwashi ta ajiye gindin akwatin, ta rufe taga, ta ƙara masa bargo a kan zanen.

Ni kuwa, 'yar boko, na yi mata dariya a zuci. Na ce malamin lissafi ba zai yi maganar aljanu ba, iskar duniya yake nufi, wadda ke kwaso datti ta cusa wa na'ura. Lokacin kwasar albasa ne, ɓawonta na yawo ko'ina a garin, har cikin ruwan sha. Sai na nemi auduga na bi duk wata ƙofa da na gani a jikin akwatin na toshe, na bi da salatif na manne. Na ja baya na dubi aikina ina jin kaina. Ni da Inna ba mu taɓa haɗa kai a kan abu ɗaya kamar ranar ba, kowa da nata dalilin, kuma tsakiyar bazara ce, ana zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake.

Garin gyaran gira muka rasa ido. Da ya kunna, ko rabin miƙaƙƙiyar hanyar bai kai ba ta ɗauke. Ya sake, tun motoci na jere ba a tashi ba ta ɗauke. Ya ture tiren gefe ya ce a kashe, ya juya bango. Inna ta ce iskar ce ta ji hayaƙi take fushi, a ƙara. Ranar Laraba ce. Ban iya cin komai ba, duk motar da ta tsaya a waje sai in ji kamar Yaya ne ya kasa jiran Juma'a.

Ranar Alhamis bayan azahar hayaƙin ɗakin ya ishe ni, da shirunsa, na fita bayan gida don kada in gaya wa wani baƙar magana. A can akwai rudu, rumbun kara da manoman Aliero ke ɗagawa sama da ƙasa su ajiye albasa. Wani dattijo da matarsa suna tsaye suna tsince ruɓaɓɓu suna jefarwa, wari ya cika wurin. Faɗa yake yi, ba da ni ba, da 'ya'yansa da ba sa nan. Wai sun ga hadari ya taso sun ɗauko leda sun naɗe rudun gaba ɗaya, suka manta ba su cire ba. Yana ta cewa sun toshe mata iska, albasa in ba ta shan iska ai dahuwa take yi a tsaye.

Na tsaya da kalmar a kunnena. Sannan na kwasa da gudu, abin da ban yi ba tun ina budurwa. Na kunna kwamfutar na bar motocin wasan suna zagaye da kansu, na cusa hannu ƙarƙashin bargon. Sai da na fizge shi, kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Ashe ba iska ce ta shige ta ba, iskar ce ba ta samu. Buga takarda ba ya wahalar da ita, tsere ne ke sa ta zufa, kuma daga tashi zuwa kwanar nan shi ne daidai lokacin da zafi ke cika ta ta suma. Babu ruwanta da kwana, babu ruwanta da Sarandosa.

Saura Inna. Ba a cewa surukuwa ta yi kuskure, balle a ce a yaye bargon da ta rufa da hannunta. Na durƙusa gabanta.

"Inna, ashe abin ga awa albasa yake. Iskar da malamin ka nuhi, irin wadda albasa ka sha ta. Mun naɗe shi cikin leda."

Inna 'yar manoman Jiga Birni ce, a gindin rudu ta girma. Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta miƙa hannu ta taɓa. Ba ta ce na yi gaskiya ba, har ta koma ga Allah ba ta faɗa ba. Ta dai tashi ta buɗe taga, ta fitar da kaskon, ta yaye bargon da zanen ta ninke. Ni na zare waya daga wuta, na ɓamɓare salatif da audugar da na cusa, ina jin kunyar kaina. Na jawo akwatin daga bango, na sa bakin wuƙa na kwance ƙusoshin gefensa a hankali, don kayan mutane ne. A ciki na ga 'yar fanka, ta cushe da ɓawon albasa da zaren bargo har ba ta iya juyawa sosai. Da gashin kaza na share ta. Na bar gefen a buɗe, na ɗora akwatin kan kujera 'yar tsugune a saitin taga.

Da ƙyar ya yarda ya karɓi tiren. Ya ce me ya rage, gobe Juma'a. Na ce to ai yau Alhamis, ya yi min wannan ɗaya. Inna ta jawo tabarma ta zauna gaban buɗaɗɗen akwatin da mafici, tana yi masa fifita kamar mai jinyar jariri, bakinta kuma yana motsi da addu'a, don ita ba ta saki ɗayar iskar gaba ɗaya ba.

Motoci suka tashi. Ni ban kalli gilashin ba da farko, ƙwan fitila nake kallo, ina roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Ya wuce inda ta mutu ranar Laraba. Ya wuce rabin hanya. Dutsen ya fara bayyana, kuma a nan wani sabon tsoro ya kama ni, wanda ban taɓa tunaninsa ba. Duk kwanakin nan na'urar ce ke mutuwa kafin ya kai kwanar. Yau in ba ta mutu ba, shi da kwanar ne, kuma babu abin da zan ɗora wa laifi.

Gilashin bai yi baƙi ba. Yana gab da kwanar sai ya ɗage yatsa daga maɓallin ba wa mota wuta ya taka birki. Motarsa ta rage gudu sosai, sauran suka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ya bi gefensa ya karya kwanar a hankali, kamar wanda ya ɗauko tsofaffi da kwandon ƙwai. Daga nan ya miƙe har tasha. Shi ne na ƙarshe, wasan ma har ya rubuta masa hakan da manyan baƙaƙe.

Inna ba ta san an gama ba, tana ta fifita. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, ba tare da ya dube mu ba:

"Ran nan ban rage wuta ba. Na san kwanar, kullum ina bi nata, amma ban rage ba."

Wannan ne karon farko da ya yi maganar haɗarin. Sai ya ɗaga ido sama, inda bai taɓa dubawa ba, ya ce in miƙo masa makullin nan, ƙusa ba wurin ajiyar makulli ba ce. Na ciro na ba shi. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya goge shi da bakin riga, ya tura ƙarƙashin matashinsa ya kwanta a kai.